Saƙon da Muka Kai Tandabawi

Tun da na dawo daga Makka ban sami zama ni kaɗai ba. Wanda ya zo yi min barka da sauka sai ya gyara zama ya ce in ba shi labari, ina cikin bayarwa wani ya yi sallama, sai in koma farko. Har na lura ina ba kowa guntun da ya dace da kunnensa: mai son jin na abinci in ba shi, mai son jin na wahala in ba shi. To bari in faɗe shi sau ɗaya daga tushe, har da ɓangaren da ban taɓa faɗa a zaure ba.

Sunana Garba, mutumin Yelwa ta Yawuri, ɗan masu jirgi. Abokin tafiyata shi ne Saje Audu, wanda na yi soja a ƙarƙashinsa lokacin yaƙin Bama, can gabas da Indiya, a yaƙin duniya na biyu. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, kuma har yau ban iya kiran sunansa ba tare da na sa Saje a gaba ba.

Mu ba irin sojan da kuka saba gani a fareti ba ne. Da yaƙi ya yi zafi, sai aka bi bakin Kwara ana neman waɗanda suka san ruwa, masunta da masu fito da 'ya'yansu. Aka tara mu a Lakwaja, aka ce aikinmu shi ne a zuba mu cikin jirgi, a kai mu gaɓar da abokan gaba suke, mu diro cikin ruwa da bindiga a ka, mu kama tudu kafin sauran soja su iso. Sauran sojan bariki suna yi mana dariya, suna ce mana sojan kwaɗi. Daga baya da suka ga abin da aikin ya ƙunsa, suka ci gaba da kiran sunan amma suka daina dariyar.

A cikinmu akwai Isiyaku, ɗan unguwarmu. Mahaifinsa, Malam Tanko, ya tafi Makka a ƙasa tun Isiyaku yana ɗan shekara bakwai, bai dawo ba. Gwaggonsa ce ta rene shi. Sau ɗaya wani alhaji ya kawo labarin cewa ya ga Malam Tanko a wata unguwa wai ita Tandabawi yana sayar da ruwa. Isiyaku ya riƙe sunan unguwar nan kamar karatu, kullum yana cewa in an gama yaƙi can za shi. Bai ga ƙarshen yaƙin ba. A wani rafi mai laka muka bar shi da ransa. Saje ne ya ba da umarni, ni na yanke igiyar jirgi. Takardar da aka aiko wa gwaggonsa ta ce ya mutu a fagen fama, ba ta ƙara komai ba, mu ma da muka dawo ba mu ƙara ba.

Shekara bakwai muna gari ɗaya da Saje ba mu taɓa tayar da maganar ba. Ran nan bayan sallar Juma'a ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce ya sayar da gonarsa ta fadama, za shi hajji, kuma yana so ya nemi uban Isiyaku ya faɗa masa da bakinsa. Bai ce in raka shi ba. Ya tsaya dai yana duban ƙasa har na ce zan shirya.

Bayan kaka muka tashi. Daga Yelwa mota ta kai mu Zungeru, muka shiga jirgin ƙasa zuwa Kano, inda muka yi kwana goma sha ɗaya muna bin takardun tafiya da lambar rigakafi. Daga nan muka hau bayan babbar mota zuwa Maiduguri, muka ƙetare kogi zuwa Lamin, muka miƙi hanyar Abashe. Mu kusan talatin ne a saman buhuna, kowa da butarsa a ɗaure a jikin katako. A nan muka san Iya Abu, wata tsohuwa Bakatsiniya da ke tafiya da ɗanta da wani ƙaton kwando da ba ta yarda kowa ya zauna a kai. Daddawa ce da kuka da kuɓewa busasshiya a ciki. Ta ce an gaya mata Larabawa ba su san miya ba, ita kuwa ba za ta je gaban Ubangiji da yunwa ba.

A kan iyakar Sudan aka sauke mu duka aka jera kaya a rana. Wani ma'aikaci ya buɗe kwandon Iya Abu, warin daddawa ya buge shi, ya ja da baya yana toshe hanci, ya ce a ƙona wannan ruɓaɓɓen abu kafin ya kawo annoba. Iya Abu ta zauna a kan kwandon ta ce sai dai a ƙona su tare. Mun fi sa'a biyu a haka, har aka samo wani ɗan sanda wanda uwarsa Bahausa ce, ya gutsiri daddawar ya tauna a gaban shugabansa. Aka bar mu muka wuce. Tun daga ranar duk inda aka yada zango, Iya Abu ba ta raba tuwo sai ta fara cika kwanon Saje, don shi ya tsaya a kanta da laima tsawon rigimar.

Hanyar daga Janena zuwa Fashir ba hanya ba ce, sawun wasu motoci ne cikin rairayi. Sau huɗu muka kafe a rana guda. Direban, wani Basudane siriri mai saurin fushi, yakan sauko ya daki tayar da takalmi kamar ita ta yi laifi. A kafewa ta biyu Saje ya kasa haƙuri, ya cire katakan gefen motar ya shimfiɗa a ƙarƙashin taya, ya jera maza yana ba da murya kamar yadda muke yi in jirgi ya hau yashi. Motar ta fita. Ranar ce kaɗai a duk tafiyar na ji tsohuwar muryarsa.

A Fashir muka sauka gidan wani Bakano mai suna Malam Sule, maɗinki. Ya fito daga Kano da niyyar hajji shekara ashirin da suka wuce, guzuri ya ƙare masa a nan, ya tsaya ya ɗan yi aiki, sai ga aure, sai ga 'ya'ya. Har yanzu in an tambaye shi yakan ce baɗi in Allah ya so. Irinsa suna da yawa a duk garuruwan hanyar. A gidansa na fara cin kisira, wata waina mai tsami, siririya kamar takarda, da ake dangwala da miyar kuɓewa. Wake kuwa, wanda suke ce wa ful, da safe suke cinsa da mai, abin da mu sai rana ta take muke nema. Wani halin nasu da ya burge ni shi ne maza ba sa cin abinci a cikin gida. Kowa ya fito da akushinsa bakin titi a haɗa, duk mai wucewa a kama hannunsa a zaunar da shi, in ya ƙi ma a yi fushi.

Da za mu tashi, Saje ya tambayi Malam Sule ko ya bar 'ya'ya a Kano. Ya ce biyu, ya sa kai a kan ɗinkinsa bai sake ɗagowa ba.

Daga Ubayyid jirgin ƙasa ya ɗauke mu zuwa Hartum, daga can zuwa bakin Bahar Maliya. A Sawakin aka tsare mu a sansanin alhazai ana jiran jirgi, aka sake yi mana allura ko da yake mun nuna tabon ta Kano. Garin tsofaffin benaye ne na farin dutse da suke zubewa, kuliyoyi sun fi mutane yawa. Da iskar teku ta kawo min warin gishirin nan sai na tuna da yaƙi. Rabona da shi tun ranar da aka sallame mu. Saje kuwa ya zaɓi inda zai shimfiɗa tabarmarsa ya ba ruwan baya, haka ya zauna har kwana tara.

A cikin jirgi muka ɗaura harami lokacin da jirgin ya busa ƙaho don sanar da an zo daidai miƙati. Da gari ya waye muka hango Jidda fara fat, amma jirgin ya tsaya nesa da gaɓa saboda duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa. Sai ga ƙananan jiragen Larabawa masu filafilai sun kewaye mu, aka saki tsani a gefe, aka ce kowa ya sauka. Daidai yadda ake sauke mu a yaƙi ke nan, sai dai yau ba bindiga, kowa fari biyu ne a jikinsa. Saje ya kai tsakiyar tsanin ya tsaya. Na sama suna turowa, mai ƙaramin jirgin da ke ƙasa yana ta faɗa da Larabci, shi kuwa ya ƙanƙame igiya idonsa a rufe. Shi ne fa mutumin da ya sauke mu a gaɓa shida a yaƙi, yana gaba kowane karo. Ina ƙarƙashinsa, na kama dugadugansa na riƙa ɗora ƙafarsa a mataki ɗaya bayan ɗaya har muka kai. Bai yi min godiya ba, ni ma ban dube shi ba. Iya Abu ce ta ce jiri ne, teku takan yi wa kowa haka, muka bar shi a hakan.

Ba zan iya gaya muku yadda na ji da na ga Ka'aba ba, waɗanda suka je sun sani. Wanda aka haɗa mu da shi ya yi mana jagora yana karanta addu'a muna maimaitawa, ni dai bakina yana motsi ne kawai. An sauke mu a wani bene mai tagogin katako, mu goma sha biyu a ɗaki ɗaya. Makka gari ne tsakanin duwatsu, zafinsa ba ya sauka. Masu kanti in an kira salla sai su yafa raga a kan kaya su tafi, babu mai taɓawa. Shayi suke sha a 'yan ƙananan kofuna da ba su kai kurɓi uku ba, amma yini ake yi ana sha. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ruwa. Ni da na tashi kogi a ƙofar gidanmu, sai ga ni a garin da ake kawo ruwa a garwa biyu rataye a sanda, a hau da shi bene, a zuba a randa kamar mai. Yawancin masu ɗaukarsa mutanenmu ne.

Saura kwana goma sha biyu a fita Mina muka fara neman Malam Tanko. Tandabawi ba ta da nisa da Harami, amma in ka shiga sai ka ce wata ƙasa ce. Gidaje sun hau jikin dutse, wasu na duwatsu, wasu na garewanin kananzir da aka buɗe aka daddale. Ga mai tuyar ƙosai, ga mai fura, ga mai yankan farce, ka rantse kana Zariya. Sai ka yi wa matashi sallama da Hausa ya amsa maka da Larabci. Manyan ma rabi da rabi suke yi, ruwa su ce masa moya, in magana ta ƙare su ce halas. Kwana uku muna tambayar Malam Tanko na Yawuri, babu wanda ya san shi. A rana ta huɗu wata mai koko Basakkwaciya ta sa muka kwatanta mata zanen fuskar mutanen gidansu, sai ta ce ai wannan Abu Maryam ne mai ruwa, babu mai kiransa Tanko a nan. Ta nuna mana wani lungu da ya hau sama.

Bayan la'asar muka same shi zaune a ƙofar gida yana liƙe garwa da ta huje. Tsoho ne ƙanƙane, kafaɗarsa ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu, da kanta baƙi ƙirin inda sanda take zama. Da ya ji harshen Yawuri a bakinmu sai ya miƙe har garwar ta faɗi. Ya shigar da mu, ya kira matarsa Amna, wadda iyayenta Hausawan Sudan ne, da 'yarsa Maryam da aka haifa a nan, matar aure ce, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Aka kawo shayi da dabino. Ya tambayi kogi, ko har yanzu yana cinye gonakin tsibiri in ya cika. Ya tambayi kasuwa, da tsamiyar mashayar kogi, da mutanen da suka mutu tun ina yaro. Ya tambayi kowa da komai, ina jin yana zagaye abu ɗaya. Sai da shayi ya huce ya ce, yana duban kofinsa, ko mun san wani yaro wai shi Isiyaku.

Saje ya sauka daga kan tabarma ya zauna a ƙasa. Ya ce, “Baba, saboda shi muka zo. Allah ya yi masa rasuwa a yaƙi, yau shekara takwas. Amma ba shi ke nan ba, ina roƙo ka ji sauran.”

Ya faɗa masa duka, bai rage ba. An aike mu cikin wani rafi mai itatuwa a ruwa mu kwaso waɗanda aka ji wa rauni. Ruwan can ba kamar kogi ba ne, yakan cika ya janye sau biyu a yini, in ya janye sai laka mai haɗiye mutum. Muka ɗaure jirgi a saiwar itace muka yi ta ɗauko mutane. Isiyaku ya koma sau uku. A na ukun ya miƙo wani kofur muka karɓa, shi kuma laka ta riƙe shi har cinya, sai aka buɗe mana wuta daga cikin itatuwa, harsashi ya same shi a kafaɗa. Tsakaninmu da shi bai fi taku ashirin ba. Ruwa yana janyewa, gindin jirgi ya fara gogar ƙasa, ga mutum goma sha ɗaya kwance a ciki. In ya zauna, babu mai fita. Saje ya ce a yanke igiya. Da ya kai nan sai na karɓa na ce ni ne na sare ta da adda. Na gaya masa Isiyaku yana kallonmu, ya kira Saje sau ɗaya, bai sake kira ba. Washegari da ruwa ya cika muka koma, ba mu sami komai ba.

Amna ta fassara wa Maryam a hankali daga bayan labule. Sai a ranar ta san tana da wa. Tsohon bai yi kuka ba. Ya ce inna lillahi, sannan ya ce akwai gidaje biyu da suke jiran ruwansu kafin magariba, mu dawo gobe. Ya saɓi sandarsa ya fita ya bar mu a zaune.

Da muka koma washegari ina tsammanin zai tambayi mutuwar. Bai sake taɓa ta ba. Ya ce, “Ni yaro na bari, haƙoransa na gaba sun faɗi. Ku kun san shi namiji. Ku gaya min wane irin mutum ya zama.”

Kwana uku muna zuwa muna ba shi labari, kuma ba yadda za a ba da labarin Isiyaku ba tare da na rundunarmu ba, don tare suka girma. Muka gaya masa na Lakwaja, lokacin ba mu da ko jirgin kanmu sai kwalekwalen haya, yadda Isiyaku ya koya wa mutanen tudu iyo yana riƙe da haɓarsu kamar jarirai. Muka gaya masa ranar da aka kai mu Ikko muka fara ganin teku, ya ɗebi ruwan ya kurɓa ya tofar, ya tambayi Saje da gaske ko ana alwala da wannan. A Indiya aka ba mu jiragen ƙarfe masu shimfiɗaɗɗen gindi da ƙofa a gaba da ke faɗuwa kan yashi, ranar muka ji mun zama runduna ta sosai. Isiyaku ne ya fara gane yadda ake tuƙa su cikin igiyar ruwa ba su juya gefe ba. Saukarmu ta farko a gaɓar abokan gaba ba mu tarar da kowa ba sai kaji, ya kamo biyu ya sa a riga. A ta biyu muka binne mutum huɗu, shi ya yi musu wanka don ya fi mu karatu. Muka gaya masa yadda bayan yaƙi aka karɓe jiragen, aka tara mu a fili, aka karanta sunayen waɗanda ba su dawo ba, aka ce rundunar ta tashi, kowa ya kama hanyar garinsu. Yanzu ko barikin babu.

Tsohon yana sauraro yana tsayar da mu a kan ƙananan abubuwa. Dogo ne? Ya kai Saje? Har ya girma da hagu yake cin abinci, ko gwaggonsa ta hana shi? Yana da fushi? Da na ce in yana dariya yakan dafa ƙeyarsa, sai tsohon ya ce haka kakansa yake yi, a nan ne hawaye suka zubo masa. Maryam tana bakin ƙofa ana fassara mata, ta sa na maimaita sunan yadda muke faɗarsa a gida har ta iya.

A rana ta uku Saje ya ce masa bai zo don a ce ya yi daidai ba, ya zo neman gafara ne, in kuma ba za a yafe ba, ya ji da kunnensa. Ni ma na ce haka. Malam Tanko ya ce mu saurara. Ranar da zai bar Yelwa, Isiyaku ya biyo shi har mashaya ya riƙe gefen kwalekwale, ya ce sai an tafi da shi. Shi da kansa ya ɓamɓare yatsun yaron ɗaya bayan ɗaya, ya ce masa damina biyu zai yi ya dawo. Ya isa Makka bayan shekara huɗu, ya ce sai ya huta, sai ya ji kunyar komawa hannu sake, har kunyar ta zama shekara talatin.

Ya ce, “Kai, Saje, mutum goma sha ɗaya ke kwance a jirginka. Ni ba kowa a nawa sai ni. Haƙƙina na uba, in akwai abin da ya rage min a ciki, na yafe muku duniya da lahira. Nasa kuwa ba a hannuna yake ba. Ni ma ina cikin masu jira.”

Da aka kira salla muka sauka tare zuwa Harami, yana tsakiyarmu.

Tare da shi muka yi aikin hajji. Ya san inda inuwa take a Mina, ya san inda ake samun ruwa a Arfa, ya riƙa jan mu kamar 'ya'yansa. A Arfa kowa ya ware gefe da abin da ke ransa. Na hango su biyu daga nesa, tsoho da Saje, sun ɗaga hannu kafaɗa da kafaɗa, ban matsa ba.

Bayan an sauko, ana ta ɗaure kaya, Saje ya ce in raka shi wajen wani malami Bahaushe da ke karantarwa a Harami. Ya tambaye shi ko mutum yana iya yi wa mamaci hajji alhali ba danginsa ba ne. Malamin ya ce yana iyawa, muddin ya riga ya sauke nasa. Muna fitowa Saje ya ce min to shi ya sauke nasa bana, baɗi na Isiyaku ne, kuma in ya koma gida ba shi da wata gonar da zai sayar ya dawo. Zai zauna. Na tuna masa da Malam Sule na Fashir, na tuna masa da shi kansa Malam Tanko. Ya ce ya sani, shi ya sa yake so in je in gaya wa matarsa komai, har da na rafin, in kuma ce mata shekara ɗaya ya ce, in ya wuce haka ta aiko a kama shi da Allah. Ranar da zan tafi Jidda na hau Tandabawi yin sallama, na tarar tsohon yana nuna masa yadda ake ɗora sanda don kada garwa ta yi tangaɗi. Rabin ruwan ya zube kafin ya kai ƙarshen lungu.

Komowata ta ɗauki wata biyu da 'yan kwanaki. Kafin in shiga gidana na wuce gidan Saje. Matarsa, Yaya Kulu, tana tankaɗe a tsakar gida. Da ta gan ni ni kaɗai sai ta ajiye rariya, na yi sauri na ce yana nan da ransa da lafiyarsa. Na zauna daga bakin ƙofa na faɗa mata duka kamar yadda ya ce. Ta saurara ba ta katse ni ba. Ina jira ta tambayi abin da za su ci, ko ta ce ya yi mata rashin adalci. Sai ta ce, “Garba, yana barci a can?”

Sai a lokacin na lura cewa tun daga Yelwa har Makka ban taɓa farkawa na same shi a kwance ba, kullum a zaune yake da carbi. Amma kwanakin ƙarshe, bayan an sauko daga Mina, sau biyu sai da na girgiza shi kafin ya tashi sallar asuba. Na gaya mata haka.

Ta ce shekara bakwai ke nan ba ta ga ya yi barci irin wannan ba, kuma ba ta taɓa sanin dalili ba sai yau. Ta ɗauki rariyarta, ta ce, “To a bar shi ya gama.”